Ƙanena, Rage wa Amfilifayar Nan Murya

Ƙannena masu koyon jita, kukan da na fi ji daga bakinku iri ɗaya ne. Yaro zai shiga ɗaki, ya jona jita da amfilifaya, ya murɗa sauti har ƙarshe, ya yi ta kaɗawa har gilashin taga ya soma rawa, ya ji a ransa yau kam hannu ya faɗa. Sai ya ɗauko wayar da ya jingine a jikin sifika don ya saurari abin da ta naɗa, ya tarar da kwaramniya: ba a bambance wannan tsirkiya da waccan, komai ya cakuɗe ya zama ƙara guda mai tsaga kunne. Nan take sai ya yanke hukunci, wai wayar ce ba ta da kyau, sai ya sayi iPhone, ko kuma sai ya tara kuɗin sutudiyo.

Sau da yawa wayar ba ta da laifi. Abin da nake so ku riƙe shi ne, ƙarfin sauti ba ya bin kiɗa zuwa cikin waya. Dukan da kake ji a ƙirji, da girgizar da ke ratso tafin ƙafarka daga daɓen siminti, duk a ɗakin suke tsayawa. Wanda za ka tura wa kiɗan shi ke da iko da ƙarfinsa, da ɗan maɓallin nan na gefen wayarsa. In ya ga dama ya ƙure, in ya ga dama ya sa ƙasa-ƙasa. Abin da ke isa gare shi daga wajenka tsabtar sautin ce ko dattinsa.

Juya wayarka ka dubi gindinta, kusa da inda ake sa caja. Za ka ga wata 'yar huda. A bayanta makirfo yake, ɗan mitsitsi ne da bai wuce milimita uku ko huɗu ba, a cikinsa kuma akwai wata 'yar fatar silikon da iska ke kaɗawa. Don muryar mutum aka ƙera shi, hirar yau da kullum kuwa ba ta cika wuce desibel 60 zuwa 70 ba. Yawancin irin wannan makirfo a wajen desibel 120 yake soma gazawa, na wasu manyan wayoyi ya ɗan haura. Bayansa kuma akwai sashen da ke mai da sauti lambobi, shi ma da iyakar da ba ya ƙetarewa. Ka ɗauke shi kamar kwanon awo a hannun mai shafe baki: komai yawan hatsin da ka zuba, abin da ya yi tozo sharewa za a yi. Haka waya ke yi wa sautin da ya fi ƙarfinta, ta fille masa kai ta bar shi a shafe, kuma wannan fillewar ce ke zama ƙarar "kirrr" mai kaifi da kake ji. Abin da aka fille ya tafi ke nan. Babu manhajar da za ta dawo maka da shi yadda yake, ko da ta yi maka alkawari.

Kana iya gani da idonka. Buɗe manhajar naɗar murya ka dubi zanen da take yi yayin ɗauka. Kiɗan da ya shiga daidai za ka gan shi da tudu da kwari, kowane bugu ya tashi tsaye sannan ya sauka a hankali yayin da tsirkiya ke mutuwa. Wanda ya cika kuwa sai ka ga doguwar sanda mai kauri ɗaya daga farko har ƙarshe, sama a shafe, ƙasa a shafe. In ka ga haka, ba sai ka saurara ba ma.

Na san wani zai ce, ai kiɗan namu dama gurnani ake so ya yi, ba sumul ba. Gaskiya ne, kuma gurnanin nan yana da tarihinsa. A 1951, a birnin Memphis na Amurka, aka naɗi waƙar Rocket 88 da amfilifayar da ta samu rauni a hanya. Sam Phillips mai sutudiyon ya ji sautin ya burge shi, ya bar shi haka. A 1964 Dave Davies na ƙungiyar Kinks a Ingila ya sa reza ya tsaga sifikarsa da gangan don ya samu wannan kaushin. Amma gurnanin amfilifaya daban, tsagewar waya daban. Na amfilifaya sai ya bi ta sifika kafin ya fito, ita kuwa sifikar jita ba ta iya fitar da siraran sautukan da ke kaɗawa fiye da wajen sau 5,000 a daƙiƙa, don haka tana goge masa kaifi, ya fito da ɗumi. Tsagewar waya tana faruwa ne bayan an wuce sifika, babu sauran abin da zai tausasa ta. Ka ba wayar gurnaninka a tsabtace, ta adana maka shi yadda ka yi shi.

Ga kuma wani lissafi da zai ba ka mamaki. Manyan sifikun jita masu inci 12, irin waɗanda Celestion ke yi, wat ɗaya tak yana sa su ba da kusan desibel 98 zuwa 100 a tazarar mita ɗaya. In ka ninka wat ɗin sau goma, ka ƙara desibel 10. Ke nan 'yar amfilifayar da kake rainawa, mai wat 15 ko 20, in ka ƙure ta ka manna mata waya a jikin raga, ka riga ka kai wayar inda ba ta iya numfashi. A yawancin amfilifayoyi za ka ga abin murɗawa biyu, ɗaya an rubuta masa Gain, ɗayan Volume ko Master. Na farkon shi ke kawo gurnani, na biyun shi ke kawo ƙarfi. Bar na farkon inda kake so, ka sauko da na biyun har sai in wani ya shigo ɗakin za ku iya magana ba tare da ihu ba. Shi ma Gain ɗin, shawarata ka ɗan rage shi daga inda ka saba. Makirfo yana jin gurnani fiye da yadda kake jin sa a ɗaki, kuma yawansa ne ke narkar da bugun hannu har a kasa sanin inda wannan sauti ya ƙare, wancan ya fara.

Da ka rage, za ka ji kiɗan ya rame, ranka ya ɗan sosu. Kunnenka ne ke yi maka haka. Tun 1933 wasu masana biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka auna suka nuna cewa kunnen ɗan Adam ba ya jin sautuka masu kauri sosai idan ƙara ta yi ƙasa. Sai an ɗaga murya suke cika masa kunne. Shi ya sa komai ke yin daɗi in an ƙure, har da kiɗan da bai nuna ba. Makirfo ba shi da wannan son ran. Kada kuma ka yanke wa abin da ka naɗa hukunci da sifikar waya. Tsirkiya mafi kauri a jita sau 82 take kaɗawa a daƙiƙa, 'yar sifikar waya kuwa ba ta kai can ƙasa ba ko kusa. Sa iyafis ka saurara, ko ka jona da rediyo mai sifika ta gaske.

Yanzu sai wurin ajiye wayar, kuma nan ne aikin yake. Kada ka ɗora ta a kan amfilifaya, girgizar akwatin za ta shiga jikinta ta zama ruri. Kada ka ajiye ta a ƙasa, don daɓe yana maido da sauti ya gauraya da na asali. Samo kujera ko tebur da tsayinsa ya yi daidai da sifikar, ka ninke tawul ka shimfiɗa, ka kwantar da wayar a kai, gindinta mai hudar nan yana fuskantar sifika kuma ya ɗan leƙo daga bakin teburin. In rigar wayar mai kauri ce, cire ta. In hudar ta toshe da ƙura, goge ta da busasshen burushi mai laushi. Kada ka kuskura ka zura allura. Fara da tazarar rabin mita. Sannan ka san cewa sifika ba ta watsa sauti daidai ko'ina: tsakiyarta ita ke harbo kaifi, gefenta ya fi laushi. In ka ji ɗaukar ta yi tsini, matsar da wayar ta fuskanci gefen sifikar, ko ka ɗan karkata ta. In ta yi duhu, ba a jin cizon tsirkiya, dawo da ita wajen tsakiya. Matsin yatsa huɗu kaɗai yana sauya sauti fiye da yadda sauya waya zai yi.

A fili, duk lokacin da ka ninka tazara, ƙara tana raguwa da desibel 6. A ɗaki ba ta kai haka, saboda bango yana maido ta, kuma iya nisan da ka kai wayar, iya yawan amsa-kuwwar ɗakin da za ta kwasa. Don haka in ɗauka ta cika, fara rage amfilifaya kafin ka kai waya bakin ƙofa. Sai dai ragewar ma tana da iyaka. In ka yi ƙasa da yawa kuma kana zaune kusa da wayar, za ta ɗauki "cakas-cakas" ɗin hannunka a kan tsirkiya, wanda ba ta amfilifaya ya biyo ba. Maganinsa kebul mai tsawo: ka zauna nesa, wayar ta fi kusa da sifika fiye da kai.

Kafin ka soma ɗauka ta gaske, yi gwajin daƙiƙa ashirin. Buga mafi ƙarfin bugun da za ka yi a cikin waƙar, ka dubi ma'aunin manhajar. Kada ya taɓa ja. Ya tsaya wajen kashi biyu cikin uku. Ɗaukar da ta yi ƙasa ana iya ɗaga ta daga baya. Da ka samu wurin da ya yi maka, sa alli ka zana inda ƙafafun kujerar suke da inda amfilifaya take, ka ɗauki hoton inda kowane abin murɗawa ya tsaya. Gobe ba sai ka sake lalube ba.

Wani abu da ba kowa ke lura da shi ba: yawancinku a ƙasa kuke ajiye amfilifaya, kuna tsaye a kanta, kaifin sautin yana dukan gwiwoyinku. Kunne bai samu rabonsa ba, sai hannu ya kai ga abin murɗawa ya ƙara. Ɗora ta a kan kujera, ko ka jingine ta ta kalli fuskarka, ka kuma janye ta daga kusurwar ɗaki inda kauri ke taruwa. Da kanka za ka rage, ba sai an roƙe ka ba.

Ɗakunanmu kuwa ba su taimaka ba. Bangon siminti, daɓen tayil, wani lokaci kwano tsirara ba silin. Tsaya a tsakiya ka tafa sau ɗaya. In ka ji tafin ya ja wutsiya mai zirrr, wayar ma za ta ji. Jingina katifa a bangon da sifika ke fuskanta, shimfiɗa darduma tsakanin amfilifaya da waya, rataya bargo a ƙofa, saki labule, in akwai durowar kaya buɗe ta. Kiret ɗin ƙwai da wasu ke mannawa a bango, ɓata lokaci ne da tara kyankyasai. Ka kuma sani, katifa da bargo amsa-kuwwa suke ragewa a cikin ɗaki, ba sa hana ƙara isa ɗakin maƙwabci. Fanka ma sai an kashe ta, ko a juya ta kada iskarta ta taɓa wayar. A zafin Afrilu wannan azaba ce, na sani. Naɗi gajeru-gajeru, ka kunna ta a tsakani.

Sai batun wuta, wanda a cikinsa akwai na kunne akwai na rai. Wutar Najeriya da ta Nijar sau 50 take juyawa a daƙiƙa, kuma maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya suna tsinto wannan juyin su mai da shi "hmmm" da ba ya yankewa. Jita irin Stratocaster mai siraran maganaɗisu ta fi kamuwa. Don magance haka ne Seth Lover na kamfanin Gibson ya ƙera masu tagwayen naɗi a 1955. In irin ta farko gare ka, gwada sa makunnin zaɓi a matsayi na biyu ko na huɗu, a yawancin na zamani ƙugin yana raguwa. Juya jikinka a hankali kana riƙe da jitar, za ka samu fuskar da ya fi yin shiru. Kashe ƙwan fitila mai ƙugi, matsa daga talabijin da sitabilaiza da inbata. Cire wayar daga caja yayin ɗauka, ka sa ta a yanayin jirgin sama, don kada kira ya katse ka, kada kuma "dit-dit-dit" ɗin nan da kuka sani a rediyo ya shiga. In janareta ke aiki a tsakar gida, haƙura sai an kashe, ko ka nemi 'yar amfilifaya mai batir irin Micro Cube ta Roland.

Na rai kuwa shi ne wannan. Tsirkiyar jita ƙarfe ce, kuma tana haɗe da jikin amfilifaya ta cikin kebul. Gidaje da yawa an yi musu wayarin ba a binne ƙarfen da ke sauke wuta ƙasa ba, wasu kuma suna karya ƙafa ta uku ta fulogi don ya shiga soket. In amfilifayar ta samu matsala a ciki, kai ne hanyar da wutar za ta bi, musamman in kana tsaye ba takalmi a kan siminti, hannu da gumi. Keith Relf, mawaƙin ƙungiyar Yardbirds, haka ya rasu a 1976, a gidansa a Landan, yana kaɗa jita, yana da shekara 33. In ka taɓa tsirkiya ka ji tsam, ko ɗan yaya, kashe daga soket, kada ka sake kunnawa sai mai gyara ya duba amfilifayar, mai wayarin ya duba ɗakin. Wannan ba wurin nuna jarumta ba ne.

Kunnenka ma amana ne. Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ba da shawarar iyaka a desibel 85 na tsawon awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, kafin a kai 100 saura minti 15. Koma ka dubi lissafin wat ɗayan nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraron sauti. Ƙwayoyin da ke karɓar sauti a can cikin kunne, in sun mutu ba sa sake tohowa. In ka gama atisaye ka ji kunnenka yana "shiii", ko maganar mutane ta dishe maka, gargaɗi ne aka yi maka. Pete Townshend na ƙungiyar Who da Eric Clapton duk sun fito fili sun faɗi yadda wannan ƙugin ya zame musu abokin zama.

Mutanen gida kuma suna da haƙƙi. Akwai tsohuwa mai hawan jini, akwai jaririn da aka sha wahala kafin ya yi barci, akwai ɗalibi mai jarrabawa, akwai lokacin salla da na karatu. Da yawanku dama da ƙyar iyaye suka kau da kai ga jitar nan. Kada ka ba Baba hujja da hannunka. Je ka sami Umma ka tambaye ta wane lokaci ne ba zai takura kowa ba, ka leƙa wajen maƙwabci ka gaishe shi ka faɗa masa. Wanda aka nemi izininsa yakan jure abin da ba zai jure wa wanda ya yi masa ba-zata ba.

In har yanzu kana ganin rashin kayan aiki ne ya tare ka, dubi arewa da mu. Mdou Moctar, Buzu ɗan jihar Tawa a Nijar, da wayar birkin keke ya yi tsirkiyar jitarsa ta farko, a gidan da ba a maraba da kiɗan. A 2008 ya zo Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, da salon muryar na'ura irin na waƙoƙin finafinan Hausa. A lokacin babu kamfanin da ya rarraba shi. Daga waya zuwa waya ya yi ta tafiya, ta bulutut da memori, har ya ƙetara zuwa Mali, inda wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ke tattara waƙoƙi daga wayoyin mutane a Kidal. A 2011 ya fitar da tarin da ya kira Music from Saharan Cellphones, da waƙar Mdou mai suna Tahoultine a ciki, sannan ya shiga neman mai ita har ya same shi. Bayan shekara goma, a 2021, kamfanin Matador na Amurka ya fitar da kundinsa Afrique Victime. A 2020 kuma kamfanin Kirkley, Sahel Sounds, ya yi shekara guda yana fitar da ƙananan kundaye wata-wata, waɗanda makaɗan suka naɗa da waya suka tura ta WhatsApp. Etran de L'Aïr, makaɗan biki na Agadas, su suka buɗe fagen. Ku ma ƙannena mata, Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad da jitar yayanta ta koya wa kanta, kuma kundin farko na ƙungiyar da take ciki, na 2016, a fili aka naɗe shi, inda babu bangon da zai maido da sauti. Duk wanda ya saurari waɗannan ɗaukar zai ji ba sumul suke ba. Amma ana jin hannu, ana jin kowane bugu a wurinsa, kuma shi ne abin da ya sa baƙo ya tsaya ya tambayi wane ne wannan.

Game da manhaja ba zan ja ba. Guji naɗa da saƙon murya na WhatsApp, don magana aka tsara shi, yana matse sauti. Wayoyi da yawa kuma suna da shisshigi: in ka yi shiru su ɗaga, in ka buga su danne, doguwar tsirkiyar da ka riƙe su ɗauke ta hayaniya ce su haɗiye ta. Shiga saitin manhajar naɗar murya ka kashe rage hayaniya in akwai, ka zaɓi inganci mafi girma. In ta ba da damar WAV, ɗauka; minti ɗaya yana cin wajen megabait 5 zuwa 10, ba wani abu ba ne. BandLab kyauta ce a Android da iPhone, masu iPhone kuma suna da GarageBand. In kuɗi ya samu, fara da sababbin tsirkiyoyi, kebul mai kyau da iyafis na kirki. Bayan su sai 'yar na'urar da ke haɗa jita da waya kai tsaye, irin iRig, wadda da ita za ka yi atisaye da tsakar dare babu wanda ya ji. Da irinta da GarageBand Steve Lacy ya haɗa kiɗan waƙar Pride ta Kendrick Lamar, wadda ta fito a 2017. Abu ɗaya dai: kada ka taɓa jona ramin da aka tanada don sifika a bayan amfilifaya da wayarka, ƙona ta zai yi.

To, duk wannan wahalar don me? Yawancinku don a ɗora a TikTok kuke naɗa. Ni kuwa ina ganin babban amfanin wayar nan shi ne ta faɗa maka abin da abokanka ba za su faɗa ba. Lokacin da kake kaɗawa, hankalinka ya rabu: yatsu, sauyi mai zuwa, daɗin da kake ji. Kunnen da ya rage maka na saurare kaɗan ne, ƙara kuma tana rufe sauran. Naɗi yau, kada ka saurara sai gobe da safe, jitar tana rataye, hannunka babu komai. Abin da za ka ji zai ɗan ƙona maka rai. Za ka ji ka fara a natse, kana isa wurin da ka iya sai ka ruga, kana isa wurin da ke ba ka wuya sai ka ja ƙafa. Za ka ji tsirkiya ta uku ba ta zauna daidai ba tun daga farko. Za ka ji lanƙwasar da ka ɗauka ta kai, ashe saura ƙiris, kuma ƙiris ɗin nan ne ke sa mai sauraro ya yamutsa fuska bai san dalili ba. Za ka ji tsirkiyoyin da ba ka buga ba suna ta gunaguni a ƙasa saboda tafin hannunka bai danne su ba. Za ka ji ɗan shirun da ke faɗowa duk lokacin da yatsu ke neman wurin zama na gaba.

Kada ka kama su duka a rana ɗaya. Zaɓi ɗaya. In gudu ne, sauke manhajar bugun lokaci, ka sa ta a iyafis a kunne ɗaya daga wata wayar, ka rage saurin har ya gundure ka, ka naɗa a haka. A mako sau ɗaya kuma ka kashe gurnanin gaba ɗaya, ka naɗi abin da ka saba kaɗawa da sauti tsirara. Nan za ka san ko yatsunka ne ke aikin ko amfilifaya ce ke rufa maka asiri. Kowace ɗauka ka sa mata kwanan wata da sunan abin da ka kaɗa, kada ka goge tsofaffi don kunya. Ranar da ka ji kamar ba ka ci gaba, buɗe ta wata uku baya ka saurara.

In za ka tura wa wanda ya fi ka, tura a matsayin fayil, ba saƙon murya ba, don ta isa yadda ka naɗe ta. Kada ka aika masa minti goma ka ce, "Yaya, ya ka gani?" Zai ce maka ta yi kyau don ya rabu da kai. Yanko daƙiƙa arba'in, wurin da kai kanka kake shakka, ka gaishe shi, ka tambaye shi abu ɗaya: "Yaya, don Allah a sauyin nan na biyu, gudu nake yi ko jinkiri?" Abin da ya faɗa maka shi ne aikinka na wannan makon. Ran Juma'a ka mai da kujera kan zanen alli, ka sake naɗar daƙiƙa arba'in ɗin, ka tura masa.